Alluran Lama-Kara

Ƙarfe shida da kwata na safe, ranar wata Laraba, a bayan garin Dapango ta ƙasar Togo, na fara jin ciwon ƙwaurina. Na san lokacin domin ina da agogo a hannu. Waɗanda ke wurin su ne Alhaji Arzika madugunmu, da Labbo ɗan kawuna, da 'yan kora biyu mutanen Damaga, sai shanu. Na miƙe zan tayar da garke, na ji kamar ana goga mini dutsen wasa wuƙa a gefen ƙashin ƙwauri, ta ciki, sama da idon sawu. Ban gaya wa kowa ba.

Sunana Nomau. Gidanmu a Talata Mafara gidan shanu ne da nama. Da aikin madatsar Bakolori ya zo, na bar sana'ar gida na shiga lebura, aka ba ni takalmin kamfani mai ƙarfe a baki. Da bangon madatsar ya tashi aka sallame mu. Gonarmu ta wajen Bakura kuwa injuna na baje ta, an hana shuka. Shi ya sa da Alhaji Arzika ya nemi masu kora masa shanu daga Fadan Gurma zuwa Lome, na bi shi. Tun a Fadan Gurma ya gaya mana ƙa'idarsa: lada sai an kai Lome, ba a tsayar da garke saboda mutum, wanda ya kasa tafiya kuma a bar shi a zango mafi kusa.

Kowa takalmin fade na taya ya sa, ni kaɗai na ɗaura takalmin kamfani. Labbo taubashina ne, ba ya raga mini.

"Injiniya," ya ce, "shanun nan fa ba su san ka yi aiki da Turawa ba. Cire ƙarafunan ga, kana ba ƙasa wahala."

Na ce masa bawa ba ya yi wa ubangijinsa gyaran takalmi. Ya ce ai ni ne bawan, tunda ni ne ɗan mace.

Ciwon yana da tsarinsa, kuma na lura da shi. Da safe ya fi tsanani. In jiki ya yi ɗumi da tafiya sai ya lafa, har mutum ya ɗauka ya warke. Da an sauka ƙafa ta huce, sai ya dawo da ƙarfinsa. Wannan lafawar ta tsakar rana ita ta yaudare ni.

Zango na gaba Sansanne Mango ne, a bakin kogi. A kasuwar akwai wani mai allura, da farar riga da akwatin ƙarfe, yana jin Hausa kaɗan. Mu mutanenmu mun fi yarda da allura a kan ƙwaya, kowa ya sani. Ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Ya yi mini allura, ya karɓe ɗan guzurin da mahaifiyata ta ƙulle mini. Da la'asar Labbo ya je sayen goro, ya iske mutumin a bayan rumfa yana cika kwalabensa daga randa.

"Albishirinka, Injiniya," ya ce da ya dawo. "Ruwan Mango anka ɗura maka. Daga nan har Lome ba ka ƙara jin ƙishirwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma washegari na nemi ƙunshin kayana ban gani ba, sai na hango shi a kansa, a bisa nasa.

Daga Kante hanya ta hau duwatsu. Hawa da wuya, gangara ta fi. Ciwon ya kama ɗaya ƙafar ma, ya kuma daina lafawa da rana. Na koma bayan garke, daga nan na koma bayan ƙurar garke. A kan wani tudu wata mata mai noma ta tsaya tana dubana. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Ta karyo mini sanda, ta miƙo mini gasasshiyar doya daga ƙwaryarta, ta koma aikinta. Ranar ce na fara ganin gidanmu a ido biyu: zauren mahaifina, da ƙugiyar rataye nama, da mahaifiyata tana tankaɗe.

A Lama-Kara muka sauka zangon Hausawa, ni da sanda, Labbo yana tallafe da ni. Alhaji Arzika ba mugu ba ne, ina so a rubuta wannan. Ya dube ni ya ce, "Nomau, ba ni barin ka ban gwada maka abin da na sani ba." Abin da ya sani shi ne lalas. In sa ya yi ɗingishi, ana sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a ɗora a wurin. Ya yi wa shanu da yawa sun tashi. Na yarda, domin tsoron a bar ni ya fi tsoron wuta. Aka kai ni gaban maƙera, mutanen Damaga suka danne ni, Alhaji ya ɗauko ƙarfe.

Sai wani tsoho da ke ɗinkin hula a ƙofar masallaci ya taso yana jan ƙafa, ya kai wa ƙarfen duka da sandarsa.

"Wanga sa na, ko ɗan mutum?"

Alhaji ya ce, "Baba, magani za mu yi mai."

Tsohon ya naɗe wandonsa. Ƙwaurinsa ya lotsa kamar an ɗebi tsoka da cokali, sawun kuma ya karkace ciki.

"Ga maganin nan," ya ce. "Maduguna ya yi min shi, da kyakkyawar niyya, tun Faransa na mulkin ƙasar ga. Wurin ya ruɓe, jijiya ta ƙage. Ku sake shi."

Suka sake ni. Ni kuwa ba tabon ne ya kama ni ba, harshensa ne. Tun da muka ƙetare iyaka ban ji baƙo ya yi maganar gida haka ba.

Na ce, "Baba, mutumin ina ne kai?"

"Ƙasar Maradun. Kai fa?"

"Mafara."

Ya durƙusa da ƙyar ya kama hannuna. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina ruwa, ina mutanen Mafara, ya yi ta jerowa yana maimaitawa, kamar gaisuwar ta daɗe a ajiye ba wanda zai ba. Sunansa Baba Hantsi. Ya ce a asibitin garin akwai likitocin ƙasar Sin, suna yi wa ciwon gaɓoɓi wani irin aiki da allura, shi zai kai ni.

Washegari da hantsi garke ya tashi. Labbo ya tsaya a kaina ya ce, "Bawana, kada ka gudu. Ina dawowa in ɗauki kayana." Ya juya da sauri, bai bari na ga fuskarsa ba. Da ƙurarsu ta kwanta, Baba Hantsi ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Haka anka ce min."

A zangon na ga tsofaffi irinsa, wani daga Gobir, wani daga Kabi, wani daga Katsina. Kowane an bar shi ne har ƙafa ta warke, ko har damina ta wuce. Na dube su na gane abin da ke gabana. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona in tsufa a ƙofar wannan masallaci.

Baba Hantsi ya aro keke, ya ɗora ni, ya tura ni har asibiti yana jan ƙafarsa, mutane na kallonmu. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, da tabarau da furfura. Wani malamin asibiti ɗan ƙasar, mai jin Hausar zango, shi ke yi mana tafinta. Na lura tana aikinta bi da bi, wannan ya sa na fara ganin girmanta. Ta bi gefen ƙashin da babban yatsa tana tambaya ina ciwo ya fara, ina ya tsaya. Ta ƙwanƙwasa ƙashin. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya. Daga ƙarshe ta ɗaga takalmina ta jinjina nauyinsa, ta faɗi abin da ya sa tafinta dariya.

"Ta ce wannan na mai tsayuwa kusa da ƙarfe ne, ba na mai ratsa ƙasashe ba."

Ta ce ƙashi bai karye ba. Naman da ke manne da gefen ƙashin ne ya ƙwaru saboda dukan ƙasa mai tauri. Da ciwon a wuri ɗaya yake kamar kan yatsa, da ta ji tsoron tsagewar ƙashi, wannan kuma ba aikin allura ba ne.

Sai ta buɗe faranti. Allurai ne sirara kamar gashin wutsiyar doki, an dafa su. Babu sirinji, babu kwalba. Na tashi zaune.

"Ina maganin da za a zuba?"

Tafinta ya ce, "Babu. Allurar ce kawai."

Raina ya ɓaci. Ni ɗan gidan nama ne, kuma na san ƙahon wanzami. A wurinmu magani ko dai a zuba wani abu a jiki, ko a fitar da baƙin jini kowa ya gani. Nan kuwa ba abin da zai shiga, ba abin da zai fita.

Na ce, "Na Mango ma ya daure ya zuba ruwa."

Baba Hantsi ya danna kafaɗata. "Kwanta, ɗana. Jiya ka yarda a ƙone ka da ƙarfen sa, yau kana gardama da gashin wutsiya? Kuma mi gare ka da za a cuta? Na Mango ya riga ya kwashe."

Na kwanta. Ta goge fata da auduga mai sanyi, ta jera alluran a gefen ƙwauri, wasu a ƙasan gwiwa, wasu a bayan sawu. Sukar ba ta kai ta ƙaya ba. Da ta murza su sai na ji wani nauyi, kamar an cika ƙafar da jiƙaƙƙen yashi yana gangarawa ƙasa. Tafinta ya ce abin da ake nema ke nan. Aka ce kada in motsa, aka bar ni kamar tsawon huɗubar Juma'a. Ko ɗigon jini ban gani ba.

Da aka zare na taka ƙasa, ciwon ya ragu, bai tafi ba. Nan take na ce a ba ni sandata, in na matsa zan cim ma garke. Likitar ba ta jira tafinta ba, ta gane daga idona. Ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ko kafaɗata ba ta kai ba, tana faɗa.

"Ta ce allura ta kwantar da ciwo ne, ba ta gama gyara ba. In ka bi shanu yau don ka ji sauƙi, ƙashin zai iya tsagewa. Hutu, takalmi mai laushi, ka riƙa dawowa."

Haka na riƙa dawowa, Baba Hantsi na tura keke. Duk sa'ad da aka jera mini allurai, sai ya jawo kujera kusa da gado ya fara tambaya. Kasuwar Talata tana ci kamar da? Har yanzu ana ƙetare gulbi da gora? Ina amsawa. Sai ya gangaro kan garinsu, Tungar Marke. Ya tambayi babban marken da ke bakin rijiya, ya tambayi fadamar da suke shuka dankali.

Na san Tungar Marke. Duk wanda ya yi lebura a madatsa ya san inda take. Ban saba ƙarya ba, don haka na riƙa kewayewa, in ce an daɗe ban bi ta can ba. Mai allura a ƙafa kuwa ba ya iya tashi ya bar magana. Wata rana ya ajiye hular da yake ɗinki.

"Nomau, duk sa'ad da na ambaci Tunga sai ka dubi rufin ɗaki. Hwaɗa min."

Na gaya masa yadda abin ya zo. Da farko masu awo suka kafa turaku. Daga nan motoci suka kwashe mutane da kayansu. Daga nan aka tare gulbi, ruwa ya taru.

"Marken?"

"Ruwa, Baba."

"Maƙabarta?"

"Ruwa."

Ya kama babban yatsan ƙafata, inda babu allura, ya riƙe. Ni kuma ba halin in tashi in kama shi. Likitar ta shigo murza allurai, ta dube shi, ta dube ni. Ta fita ta dawo da kofinta mai murfi, wanda ba na ganin kowa na taɓawa, da ruwan shayi a ciki. Ta sa masa a hannu, ta ci gaba da aikinta.

Da ya kurɓa ya ce, "Mutane fa?"

Na ce an kai wasu sabon matsuguni kusa da Maradun, wasu sun watse.

"To, mutane ba su nutse ba," ya ce.

A hanyar komawa ya gaya mini yadda ya zauna. Shekarar farko ya ce bari ƙafa ta warke. Ta biyu ya ce bari ya sami abin da zai riƙa wa mahaifiyarsa. Sai wani ɗan kora ya kawo labarin rasuwarta, ya rasa da wace fuska zai shiga gida. Ya yi aure a zango, matar ta rasu ba haihuwa. Amma yana da ƙanwa, Tumba, wadda ya goya a bayansa. Mahaifinsu Bawa mai sassaƙar turmi. Tana da cindo a hannun hagu.

Daga ranar ya zama mini soja. Ya kwashe takalmin kamfani ya kai wa maƙeri, ya ce can ne gidansu. Ya samo fade ya ɗinka musu auduga a ciki. Yadda likita ta tsara tafiya, haka ya bi da ni: zuwa masallaci tukuna, bayan nan zuwa bakin kogi a kan yashi, bayan nan zuwa gindin dutse. In na ƙara ko kaɗan sai ya daka mini tsawa a gaban jama'a. Ciwon safe ya riƙa raguwa, har ranar da likita ta bi ƙashin da yatsa ban yamutsa fuska ba. Ta rufe farantinta, ta yi mini alamar tafiya da yatsu biyu, ta yi murmushi.

Ƙafa ta warke, Labbo bai zo ba. Lokacin da ya kamata su dawo ya wuce. Na fara taya wani mahauci na zango fiɗa, don kada in ci abincin tsoho a banza. Mahaucin ya ga hannuna, ya ce zai ba ni rumfa da ɗaki. Gaskiya na ji daɗi. Da Baba Hantsi ya ji, ya ja ƙafarsa har mahauta.

"Sarkin fawa, ka ji tsoron Allah! Yaron ga yana da uwa."

Mahaucin ya ce, "Baba, alheri nake nufi."

"Na sani. Ni ma da rumfa anka fara min." Ya juyo gare ni. "In ɗan'uwanka bai zo ba, da ƙafa za ka tahi. Don mi anka gyara ta?"

Mun fara shirin haka ke nan, wata ranar kasuwa da azahar, na ji murya a bayana.

"Ina bawana? An ce wata mata ta ɗinke ka kamar hula."

Labbo ne, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a Lome, Alhaji ya bi ta wata hanya ya koma gida. Shi kuwa da ya tashi ya ƙi shiga motar da ta miƙe gida, ya biyo ta Lama-Kara. Na ce masa ya makara, na kusa sayar da kaina ga wani ubangiji. Ya ce wa zai sayi bawa mai huji a ƙafa. Muna faɗin haka muna riƙe da juna, mun kasa saki.

Muka ce wa Baba Hantsi ya shirya mu tafi tare, Labbo ya ce ladansa zai kai mu mu uku. Ya girgiza kai.

"In sauka ina? Bisa ruwa? Ku tahi ku gano min Tumba. Ranar da kunka aiko cewa ga ƙofar da take, ko da rarrafe ina zuwa."

Ya raka mu tasha. Bai yi doguwar sallama ba. Ya duƙa ya latsa ƙwaurina da yatsa kamar yadda ya ga likita na yi, ya ce, "Da ciwo?" Na ce babu. Ya ce, "To, hau."

Na iso Mafara da ƙafafuna biyu lafiya, na iske mahaifiyata da rai. Na koma kora, ciwon bai dawo ba. Masu tambayata ko allurar ce ta warkar da ni, ga amsata: na san tana kwantar mini da ciwo, domin a jikina na ji. Na kuma san na huta, na sake takalmi, na koma tafiya sannu a hankali. Rabon kowanne a cikin warakar ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na tabbatar shi ne ba a ƙone ni ba.

Tumba ce ban samu ba. Na je sabon matsugunin Maradun gida gida, aka ce mutanen Tungar Marke ba su zauna wuri ɗaya ba. Wani ya ce ya ga iyalin Bawa mai turmi sun nufi Bakura. A Bakura aka tura ni Morai, a Morai aka ce in gwada Garbadu. A Damaga wata tsohuwa ta tuna mai cindo, amma ta ce tun ranar da motoci suka zo ba ta sake ganinta ba. 'Yan koran da suka dawo daga kudu a bazarar da ta wuce sun ce Baba Hantsi na nan da ransa. Ya daina iya tura keke. Duk garken da ya sauka, sai ya tambaya ko akwai mutumin Mafara da saƙo.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karanta wannan. In a gidanku, ko a maƙwabta, ko cikin waɗanda ruwan Bakolori ya tayar, akwai tsohuwa mai suna Tumba 'yar Bawa mai turmi, mai cindo a hannun hagu, ka gaya mata wanta Hantsi bai mutu ba, yana Lama-Kara yana jiran a nuna masa ƙofa. In ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta ma ƙofa ce. Ka zo kasuwar shanu ta Mafara ranar Talata ka tambayi Nomau ɗan kora. Ni zan je in ɗauko shi. Ka hanzarta, don Allah, tsohon ya tsufa.